SANIN HALAYEN MA'AIKATA YANA CIKIN AMANAR SHUGABANCI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci mutane daga asali guda, sa'an nan Ya bambanta halayensu kamar yadda Ya bambanta harsunansu da launin jikinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wata cuta da ke cin ma'aikatu da kamfanoni da makarantu, wadda ba a cika lissafa ta cikin cututtuka ba, watau jahiltar halayen ma'aikata. Sai a tarar da ofis cike da ma'aikata, kowa da takardar shaidarsa, albashi yana fita a kan kari, amma aiki ba ya gaba. In aka bincika sai a ga an ajiye mai saurin fushi a teburin sauraron koke-koken jama'a, an danƙa mabuɗin sito ga mai kunya wanda ba ya iya ce wa kowa a'a, an kuma tura mai haƙurin lissafi, wanda ba ya son hayaniya, yawon tallan kaya kasuwa-kasuwa. Kowannensu mutumin kirki ne, amma ba a daɗewa sai a ce wannan ba shi da ladabi, wancan sakarai ne, ɗayan kuma malalaci ne, alhali kuwa babban laifin yana wuyan wanda ya ajiye su inda ba gurbinsu ba.

Wannan magana ta shafi lahira kamar yadda ta shafi duniya. Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa wani Balaraben ƙauye ya tambayi Annabi (S.A.W.) lokacin tashin Alƙiyama, sai ya nuna masa cewa alamarta ita ce tozarta amana. Da mutumin ya nemi bayanin yadda a ke tozarta ta, sai aka sanar da shi cewa ita ce danƙa al'amari ga wanda bai cancance shi ba. Mutane da yawa in sun ji wannan Hadisi sai hankalinsu ya tafi ga sarakuna da gwamnoni kaɗai. To, lalle ya haɗa da hedimasta mai raba azuzuwa ga malamai, da manajan kamfani, da babbar nas mai tsara masu kwana a asibiti, har da ɗan kwangila mai raba aiki ga leburori. Cancanta kuwa ba ta tsaya ga ilmi ba, ɗabi'ar mutum ma tana cikinta.

BAMBANCIN HALI DAGA ALLAH YA KE

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abu Musa Al'ash'ari (R.A.) cewa an halicci Annabi Adamu (A.S.) daga damƙi guda wanda aka ɗebo daga dukkan sassan ƙasa, saboda haka zuriyarsa suka fito gwargwadon ƙasar nan. A cikinsu akwai ja da fari da baƙi da na tsakani, akwai mai sauƙi da mai tsauri, akwai kuma nagari da mugu. Manomi shi ya fi kowa saurin gane wannan misali, domin ya san gero ya fi yin kyau a jigawa, shinkafa da rake kuwa sai fadama. Ba ya zagin jigawa don ta hana shi shinkafa, sai dai ya shuka mata abin da za ta karɓa.

A aya ta 84 ta Suratul Isra'i Allah Ta'ala Ya bayyana cewa kowane mutum yana aiki ne bisa hanyar da ta dace da yanayinsa. A aya ta 32 ta Suratuz Zuhrufi kuma Ya nuna cewa Shi ne Ya raba wa mutane abin rayuwarsu, Ya fifita waɗansu a kan waɗansu da darajoji, domin sashe ya riƙa yi wa sashe aiki. Da a ce an halicci mutane duka da hali iri ɗaya, da ba a sami mai zama ya rubuta ba alhali kowa yana son magana, ko kuwa ba a sami mai fita ya yi magana ba alhali kowa yana son zama.

Muslim ya ruwaito cewa sa'ad da wakilan ƙabilar Abdulƙaisi suka zo Madina, Annabi (S.A.W.) ya gaya wa shugabansu, wanda a ke yi wa laƙabi da Ashajju, cewa yana da halaye biyu waɗanda Allah Ya ke so, watau juriya da rashin gaggawa. A riwayar Abu Dawuda, Ashajju ya tambaya ko shi ne ya koya wa kansa su, ko kuwa haka aka halicce shi, sai aka amsa masa cewa Allah ne Ya halicce shi a kansu. Wannan dalili ne a kan cewa akwai halin da a ke haifar mutum da shi.

YADDA ANNABI YA RABA AYYUKA

Wanda ya duba tarihin Madina zai ga cewa Annabi (S.A.W.) ya san sahabbansa ɗaya bayan ɗaya, bai kuwa riƙa raba musu aiki bisa shekaru ko daɗewa cikin Musulunci kawai ba. Abdullahi ɗan Zaidu ne ya yi mafarkin kalmomin kiran salla, amma aka umurce shi ya koya wa Bilalu, domin Bilalu ya fi shi murya. Zaidu ɗan Sabitu yaro ne mai kaifin hadda da haƙurin rubutu, aka sa shi koyon rubutun Yahudawa, ya ƙware a cikin kamar rabin wata, ya zama ɗaya daga cikin marubutan wahayi. Shi ne kuma Sayyidina Abubakar ya ɗora wa tattara Alƙur'ani bayan yaƙin Yamama, inda mahaddata da yawa suka yi shahada.

Kafin Hijira, a shekarar 621 Miladiyya, aka aika Mus'abu ɗan Umairu Madina domin ya karantar da mutane. Mutum ne mai sanyin magana da haƙuri da masu gardama, ta hannunsa kuwa Usaidu ɗan Hudairu da Sa'adu ɗan Mu'azu suka musulunta, alhali da niyyar korarsa suka zo masa. A daren yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, da aka bukaci mai shiga sansanin maƙiya ya ɗauko labari ba tare da ya ta da ƙura ba, Huzaifa ɗan Yamani aka tura, mutumin da aka sani da riƙe asiri. Halidu ɗan Walidu kuwa ya musulunta a shekara ta 8, bayan 'yan watanni kaɗan ya karɓi tuta a yaƙin Mu'uta sa'ad da kwamandoji uku suka yi shahada, ya kuɓutar da rundunar, aka kira shi Takobin Allah.

Babban darasi yana cikin labarin Abu Zarri Algifari (R.A.). Sahabi ne na farko-farko, mai gudun duniya, wanda Annabi (S.A.W.) ya yaba da gaskiyar harshensa yabo mai yawa. Duk da haka, Muslim ya ruwaito cewa da ya roƙi a ba shi muƙami, sai Annabi ya dafa kafaɗarsa, ya gaya masa cewa shi mai rauni ne, muƙami kuwa amana ce, kuma abin kunya da nadama ne ranar Alƙiyama ga wanda bai karɓe shi bisa haƙƙinsa ya sauke nauyinsa ba. A wata riwayar ya nuna masa cewa yana so masa abin da ya ke so wa kansa, sa'an nan ya hore shi kada ya shugabanci ko da mutum biyu, kada kuma ya riƙe dukiyar maraya. Malamai sun bayyana cewa raunin nan na ɗaukar ɗawainiyar mulki ne, imaninsa kuwa ba shi da rauni ko kaɗan. Ashe ke nan mutum yana iya fin abokan aikinsa tsoron Allah, amma wani aikin bai dace da shi ba, hana shi kuwa ƙauna ce gare shi da kuma jama'a.

MAI TAUSHI DA MAI TSANANI

Hausawa suna cewa sai hali ya zo ɗaya a ke abota. Wannan gaskiya ne a wajen hira, amma shugaban da ya ɗauke shi ya kai wurin aiki ya cuci kansa. In shi mai gaggawa ne ya tara masu gaggawa, ba mai riƙe masa linzami ranar da zai faɗa rami. In kuwa mai jinkiri ne ya tara irinsa, sai takardu su yi ta kwana a teburi har damina ta wuce.

Shaihul Islam Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a shekarar 728 bayan Hijira, watau 1328, ya yi bayani a kan wannan cikin littafinsa Assiyasatus Shar'iyya. Ya ce ginshiƙan kowane muƙami biyu ne, ƙarfi da amana, kamar yadda 'yar dattijon Madyana ta siffanta Annabi Musa (A.S.) a aya ta 26 ta Suratul Ƙasasi. Ya nuna cewa ba a cika samun su biyun a cike ga mutum guda ba, saboda haka sai a duba wanda aikin ya fi bukata. In kuma aikin yana bukatarsu duka, kamar tara dukiyar baitulmali da tsare ta, sai a haɗa mutum biyu, mai ƙarfi ya karɓo, amintaccen magatakarda ya rubuta ya adana.

Malamin ya kuma lura da wani abu cikin tarihin halifofi biyu na farko. Sayyidina Abubakar mutum ne mai taushin zuciya, sai ya riƙe Halidu, mai tsanani, a kan rundunoni. Da Sayyidina Umar ya hau a shekara ta 13, shi kuwa mai tsanani ne, sai ya mai da babban jagorancin rundunar Sham ga Abu Ubaida ɗan Jarrahu, mai sanyin hali, wanda Annabi (S.A.W.) ya kira amintaccen wannan al'umma. Ko da ya ke masu tarihi sun ambaci waɗansu dalilai na wannan sauyi, Ibn Taimiyya ya ga hikimar daidaitawa a cikinsa, watau in babba mai taushi ne ya kamata mataimakinsa ya karkata ga tsanani, in kuma mai tsanani ne mataimakinsa ya karkata ga taushi.

Tun Annabi (S.A.W.) yana raye waɗannan dattawa biyu suka kasance haka a majalisarsa. Bayan yaƙin Badar, shekara ta 2, an kama fursunoni 70. Abubakar ya ba da shawarar a karɓi fansa, Umar ya ba da shawarar a hukunta su, aka saurari kowa har ya gama. Haka nan Annabi Musa (A.S.), da aka aike shi wurin Fir'auna, ya roƙi Allah Ya haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna, domin ya fi shi fasahar harshe, kamar yadda ya zo a aya ta 34 ta Suratul Ƙasasi. Manzo ne daga cikin manyan Manzanni, amma bai ji nauyin faɗin abin da wani ya fi shi ba.

Wani masani ɗan ƙasar Ingila mai suna Meredith Belbin ya yi shekaru yana gwada ƙungiyoyin manajoji a kwalejin Henley, ya buga sakamakon a 1981. Ya tarar cewa ƙungiyar da aka cika da mafi kaifin basira zalla sau da yawa baya ta ke zuwa, domin lokacinsu yana ƙarewa wajen gardama, kowa yana neman rushe hujjar ɗan'uwansa. Waɗanda suka fi cin nasara su ne ƙungiyoyin da suka haɗa mai kawo dabara, da mai aiwatarwa, da mai sulhu, da mai bin diddigi har aiki ya kammala.

MA'AUNAN ZAMANI

Rarraba mutane gida-gida bisa ɗabi'a tsohon abu ne. Likitocin Yunan irin su Jalinusu, da na Musulmi irin su Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, sun gina ilminsu a kan ruwaye huɗu na jiki, watau jini da majina da safara'u da sauda'u, suna ganin wanda ya rinjaya shi ke tsara halin mutum. Likitancin yau ya bar wannan ra'ayi. A 1921 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, Carl Jung, ya wallafa littafi a kan nau'o'in halayen mutane. Daga nan waɗansu mata biyu a Amurka, Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers, suka tsara takardar tambayoyi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka buga littafin jagorarta a 1962. Ita ce a ke kira ma'aunin Myers-Briggs, kamfanoni da yawa suna amfani da ita.

Ma'aunin yana duba abu huɗu. Na farko, ko mutum yana samun kuzari ne daga shiga jama'a ko daga kaɗaita. Na biyu, ko ya fi lura da abin da ido ya gani hannu ya taɓa, ko kuwa da abin da ke bayansa da abin da zai iya zuwa. Na uku, ko yana yanke shawara bisa lissafin hujja ko bisa lura da zukatan waɗanda abin zai shafa. Na huɗu, ko ya fi son a tsara abu a rufe shi, ko a bar ƙofa a buɗe. In aka haɗa waɗannan sai a sami gida 16.

Babu laifi ga Musulmi ya amfana da irin wannan, domin bincike ne a kan halittar Allah, yana kuma taimakon abokan aiki su gane cewa shirun wane ba girman kai ba ne, yawan tambayar wane kuma ba neman rigima ba ne. Amma fa a san matsayinsa. Masana sun soki wannan ma'auni da cewa yana tsaga mutane gida biyu a kowane fanni, alhali mafi yawansu a tsakiya su ke, kuma mutum yana iya amsa tambayoyin yau ya faɗa wani gida, bayan 'yan makonni ya sake amsawa ya faɗa wani. Masu ma'aunin da kansu sun yi gargaɗi kada a yi amfani da shi wajen ɗaukar ma'aikata. Masu bincike sun fi amincewa da wani tsari mai auna halaye 5 mataki-mataki, watau karɓar sabon abu, da kula da aiki, da son shiga jama'a, da sauƙin kai, da saurin damuwa. Shi ma ba ya auna amana ko tsoron Allah. Sayyidina Umar ya kasance ba ya karɓar yabon mutum daga wanda ya gan shi a masallaci kawai, sai daga wanda ya yi maƙwabtaka da shi, ko tafiya, ko cinikin kuɗi.

IYAKOKI UKU

Iyaka ta farko, kada a haɗa sanin hali da duban taurari. Mai cewa wanda aka haifa a buruji kaza halinsa kaza ne, saboda haka kada a ba shi aiki kaza, ya shiga da'awar sanin gaibu, shari'a kuwa ta hana wannan. Hali ana gane shi ne ta zama da mutum da lura da aikinsa.

Iyaka ta biyu, kada a mai da sunan gida laƙabin wulaƙanci. Aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙubba, aya ta 12 ta hana mugun zato da bin diddigin asirin mutane da giba. Abin da ma'aikaci ya bayyana game da kansa amana ce a hannun shugaba. Ya fi muni kuma a ɗora hali a kan ƙabila ko gari, a ce mutanen wuri kaza duk haka su ke.

Iyaka ta uku, ɗabi'a ba uzuri ba ce. Masu cewa hali zanen dutse suna da rabin gaskiya. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, watau 1111, ya yi raddi cikin Ihya'u Ulumiddini ga masu cewa hali ba ya canzawa, ya nuna cewa da haka ne da wa'azi da tarbiyya sun zama banza. Ya bayyana cewa abin nema shi ne a daidaita fushi da sha'awa su tsaya a tsakiya, tumɓuke su kuwa ba ya yiwuwa. Mu'azu ɗan Jabalu mai ƙwazon ibada ne, amma da ya tsawaita karatu a salla har wani mai aikin ban ruwa ya fita daga sahu ya kai ƙara, Annabi (S.A.W.) ya tsawata masa ƙwarai, ya umurce shi da gajerun surori. Halidu ma da ya yi gaggawa a kan mutanen Banu Jazima, Annabi ya barranta daga abin da ya aikata a bainar jama'a, aka biya diyya, amma ba a raba shi da aikin soja ba. Saboda haka mai zafin rai ba shi da hujjar zagin masinja da sunan haka Allah Ya yi shi, mai sanyi kuma ba shi da hujjar kwantar da takardar fansho ta bawan Allah wata da watanni.

ABIN DA YA KAMATA

Ya kamata shugaba ya fara da sanin halin kansa, ya nemi mataimaki wanda zai cike masa giɓi, ko da zama da shi ba zai yi masa daɗi kullum ba. In za a yi taro, ya aika da batutuwan tun da wuri, domin akwai mai tunani da baki a tsakar taro, akwai kuma wanda sai ya kwana da magana kafin ya furta. Ya tambayi mai shiru da sunansa, domin shawarar da aya ta 159 ta Suratu Ali Imrana ta yi umurni da ita ba ta masu ƙarfin murya kaɗai ba ce. Wajen gyara kuskure kuma ya tuna da misalin Gazali, cewa likitan da ke ba dukkan majinyata magani iri ɗaya zai kashe mafi yawansu. Wani ma'aikaci kalma ɗaya a keɓe ta ishe shi, wani kuwa sai an rubuta masa. Amma doka da lada da horo su zama ɗaya ga kowa, hanyar isar da magana ce kaɗai ke bambanta. In ya ga mutumin kirki yana ta kasawa, ya gwada sauya masa gurbi kafin ya rubuta masa takardar kora, domin bayan kowane ma'aikaci akwai iyali masu jiran abinci.

Shi ma ma'aikaci akwai nasa nauyin. Annabi Yusufu (A.S.) ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar domin ya san shi mai tsarewa ne, masani, kamar yadda aya ta 55 ta surarsa ta nuna. Abu Zarri kuwa aka hore shi ya bari, ya kuma bari. Wanda ya san zai iya, ya faɗa ba tare da alfahari ba. Wanda ya san kujerar ta fi ƙarfin ɗabi'arsa, kada kwaɗayin ƙarin albashi ya sa ya bi ta ƙofar baya ya karɓe ta. Ya kuma yi haƙuri da abokin aikin da halinsu ya saɓa, domin sau da yawa abin da ke ba shi haushi a wurinsa shi ne abin da shi kansa ya rasa.

Allah Ya ba shugabanni basirar sanin mutanensu da adalcin ajiye kowa a gurbinsa. Ya ba ma'aikata gaskiya da riƙon amana, Ya sanya albarka a cikin abin da su ke ci da iyalansu. Allah Shi ne Mafi sani.